Kafin ku tafi kwana a daji, wane ne madugunku?

Wata Juma'a da daddare, a teburin mai shayin da muke zama a Gyadi-Gyadi, ƙanena ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wani Ba'amurke ne, shi kaɗai da jaka goye a baya, yana ratsa wani kwazazzabo mai jan dutse a hamadar ƙasarsu. Da rana ta faɗi ya kafa ɗan tantinsa, ya dafa shayi, ya kwanta yana kallon taurari.

"Yaya, irin wannan za mu yi," in ji shi.

Su tara ne a zaurensu na WhatsApp, har sun fara tara kuɗin mota. Sun hau Dala da Goron Dutse har sun gaji, sun je Kufena a Zariya sau biyu. Yanzu kwana suke son yi a duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, in hali ya yi nan gaba su tsallaka Nijar su ga duwatsun Abzin.

Na tambaye shi ruwa lita nawa kowa zai ɗauka. Ya ce ba su zo nan ba tukuna. Amma sun gama shawarar kalar rigar da za su buga.

Ba na cikin masu yi wa waɗannan samari dariya, masu cewa rashin aikin yi ne ko kwaikwayon Turawa. Matashin da ya tashi da asuba ranar Asabar ya je hawan dutse ya fi wanda ya wuni a kwance yana murza waya, nesa ba kusa ba. Damuwata guda ce: hawan dutse da safe a dawo gida kafin azahar daban, kwana a inda babu gari babu sabis daban. A Dala in ƙafarka ta gurɗe, ɗan sahu yana jiranka a ƙasa. A cikin kwazazzabo babu mai jiran kowa.

Lissafin ruwa

Mu fara da abin da ƙanena bai lissafa ba. Mai tafiya a ƙasa cikin zafi, da kaya a baya, yana buƙatar aƙalla lita 4 ta ruwan sha a wuni, ban da na girki da alwala. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, kuma kowace lita nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan tafiyar wuni biyu da kwana ɗaya za ta ci kusan jakar fiya wata sukutum, ledoji 20, kilo 10, ga mutum ɗaya. Kafin a sa abinci, bargo, tocila da tabarma. Duk wanda ya taɓa ɗauko jakar fiya wata daga shago zuwa gida ya san abin da nake nufi. To a ce shi zai goya wuni guda a kan duwatsu.

Kwazazzabo kuma yana da yaudarar da dutse ba shi da ita. In dutse za ka hau, wahalar a farko take, lokacin da kake da ƙarfi da ruwa. A kwazazzabo gangara ake fara yi, jiki na daɗi ana hira ana ɗaukar hoto, sai an gaji ruwa ya yi ƙasa sannan hawan zai zo. Ƙasan kuma ya fi sama zafi, iska ba ta ratsawa. Shi ya sa a Grand Canyon na Amurka, mai zurfin kusan mita 1,800, hukumar wurin take gargaɗin kada a sauka har kogi a dawo a wuni ɗaya, kuma ba ka isa ka kwana a ciki ba sai da takardar izini. Wannan sashen ba ya fitowa a bidiyon TikTok.

Ƙishirwar hamada ba labarin da za mu aro daga wata ƙasa ba ne. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu. Su ba yawon shaƙatawa suka fita ba, talauci ne ya kore su daga gida, Allah Ya jiƙansu. Na kawo su ne don a san abin da rana take yi wa jikin ɗan Adam idan ruwa ya ƙare, kuma ba ta tambayar dalilin fitowarsa.

Abin mamaki, ruwan da rashinsa ke kisa, yawansa ma yana kisa a wuri ɗaya. Baƙo in ya ga busasshiyar ƙorama mai yashi mai laushi, sai ya ce ga wurin shimfiɗa. Nan ne mafi haɗari. Ruwan sama zai iya sauka a kan tudu mai nisan kilomitoci, ba ka ga hadari ba, ba ka ji tsawa ba, sai dai ka ji ƙugi, ruwa ya taho da itatuwa da duwatsu. Haka ta faru a kwazazzabon Antelope na jihar Arizona a watan Agustan 1997, 'yan yawon buɗe ido 11 suka mutu, alhali inda suke ba a yi wani ruwan kirki ba. Haka ta faru a Jodan a watan Oktoban 2018 kusa da Tekun Gishiri, mutum 21 suka rasu, akasarinsu ɗalibai da makaranta ta fita da su yawo. Ministoci biyu sai da suka ajiye aiki.

Ilimin yana bakin ƙofarmu

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke neman wannan ilimi a wajen baƙi, bayan mu ne jikokin fatake. Fagge zangon ayari ne tun asali. Kalmomin ma suna bakinmu har yau: madugu, jagaba, zango, guzuri, salka. Bature Heinrich Barth da ya ratso Abzin a 1850 ya iso Kano a farkon 1851, ba shi kaɗai ya ratso ba, ayari ya biyo. Ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin da kaka ya keta Tenere zuwa Fachi da Bilma, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, bai taɓa motsawa ba tare da madugu ba. Shi ya san rijiya, shi ya san tauraro, shi ke cewa a tashi ko a sauka, kuma in ya ce a juya to an juya.

A layinmu na Tarauni akwai wani dattijon Buzu da ke gadin wani gida, mutumin wajen Timiya ne, garin lambuna da ke tsakiyar duwatsun Abzin. Na kai masa ƙanena da yamma, muka durƙusa muka gaishe shi, na ce, "Baba, ga yaronka yana son ya je ya kwana a irin duwatsunku." Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. Bai tambayi takalmi ko tanti ba. Tambayarsa ta farko ita ce wa zai kai su, ta biyu a wane wata. Ya bayyana mana cewa a wajensu ba a kwana a cikin kori, wato busasshiyar ƙorama, da damina ko da sama tas take. Ba a tafiya da tsakar rana, asuba ake yi da la'asar. Ba a jira sai an ji ƙishi kafin a sha ruwa, kuma idan rabin ruwa ya ƙare ba a kai rabin hanya ba, komawa ake yi ba gardama. Ya ce da hunturu sanyin dare a can yana sa ruwa ya daskare a kan tudu, don haka wanda ya je da 'yar riga don ya ji an ce hamada, zai yi bayani. Takalmi kuma a kakkaɓe shi kafin a sa da safe, saboda kunama.

Minti ashirin muka yi, bai karɓi ko sisi ba. Shekara nawa muna wuce mutumin nan, gaisuwar ma wani lokaci ba ma tsayawa mu yi?

Na san za a ce ai akwai taswira a waya. Akwai, har sai caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke. Taswira ba ta san wace rijiya ce ta ƙafe bana ba, ba ta san ƙarƙashin wane dutse kububuwa take ba. Macijin da Bahaushe ya raɗa wa suna gobe-da-nisa ba a sa masa sunan don wasa ba, kuma ba kowane asibitin karkara ne ke ajiye allurar dafinsa ba.

Maganar da ba a son yi

Sai batun tsaro, wanda duk wani shiri yake ƙarƙashinsa. Hanyar Riruwai ta dajin Falgore take bi, dajin da ya yi ƙaurin suna a shekarun baya da 'yan fashi da ɓarayin shanu. A Afrilun 2019 an kashe mutum biyu da suka je shaƙatawa a Kajuru ta jihar Kaduna. A Agustan 2020 an kashe mutum takwas a Kure kusa da Yamai, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa. Abzin kuwa, duk da UNESCO ta sa shi tare da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya tun 1991, ba wurin da samari tara daga Kano za su je da kansu ba ne a halin da ake ciki. Wannan na gaya wa ƙanena kai tsaye, ya ɓata rai, ya huce.

Akwai kuma haɗarin da ba ya zuwa daga miyagu. Ka yi tunanin mutanen ƙauye sun hango baƙin samari da manyan jakunkuna sun shige dutse da magariba, cikin dare sun ga wuta. Me za su zata? A wannan zamani kafin a tsaya jin bayani, mai afkuwa ta afku. Don haka duk tafiyar da ba ta fara da ƙofar dagaci da ofishin 'yan sanda na yankin ba, ni dai ban kira ta yawon buɗe ido ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Wasu iyaye za su ce a hana kawai a huta. Na fahimce su, amma hani ba ya hana matashi tafiya, sai dai ya sa ya tafi a ɓoye, wanda shi ne mafi muni. Aron Ralston, Ba'amurken da dutse ya danne wa hannu a wani kwazazzabo na jihar Utah a 2003, kwana biyar ya yi a maƙale har sai da ya yanke hannun da 'yar wuƙarsa. Gwani ne a harkar. Kuskurensa shi ne bai gaya wa kowa inda za shi ba, don haka ba a san inda za a neme shi ba.

Abin da nake ganin ya dace hukumomin yawon buɗe ido na jiha su yi bai kai kuɗin gina otel ba. A tantance wuraren da za a iya kwana, a sanar da waɗanda ba za a je ba. A yi rajistar mafarauta da makiyayan yankin da suka san kowane lungu a matsayin 'yan jagora, a sa musu farashi, su ma su samu na cefane. A ajiye littafi a gidan dagaci, duk rukunin da zai shiga ya rubuta sunaye, lambar wani na gida da lokacin fitowa. In lokacin ya wuce ba su fito ba, a san an yi ɓatan kai tun da sauran rana. Su kuma ƙungiyoyin matasan da ke tallar irin wannan fita suna karɓar kuɗin mutane, su sani ran duk wanda suka ɗauka amana ne a wuyansu.

Su ƙanena sun ɗage tafiyar zuwa bayan damina. Ɗaya daga cikinsu yana da kawu a Doguwa, shi zai fara zuwa ya ga dagaci ya jiyo halin da hanya take ciki, in an ce a'a to an fasa. Na ce masa kafin nan ya goyi jakar fiya wata guda daga Gyadi-Gyadi zuwa Kasuwar Tarauni ya dawo, sau uku, da rana. Ya yi sau ɗaya ranar Lahadi. Har yanzu bai sake tayar da zancen riga ba.