Wanda ya ba da aikinsa waje, ya ba da iyawarsa

Jama'a, akwai darasi a abin da ya samu Amurka, kuma ina so matasanmu su dube shi da idon basira.

A 1990, kashi 37 cikin ɗari na ƙananan na'urorin nan da suke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta a Amurka ake ƙera su. Da kamfanoni suka ga aikin ya fi araha a Asiya, sai suka riƙa miƙa shi Taiwan da Koriya ta Kudu. Zuwa 2020 kason ya sauko kusan kashi 12. Riba dai an ci, amma gwanayen aikin a can suka taso. A 2022 sai da gwamnatin Amurka ta ware sama da dala biliyan 52 don ta dawo da sana'ar gida. Duk da haka, kamfanin TSMC na Taiwan ya ɗage buɗe masana'antarsa ta Arizona a 2023, ya ce ƙwararrun ma'aikata sun yi ƙaranci. Kun ga kuɗi ba sa dawo da iyawa a dare ɗaya.

To, mu fa? Gwamnatin tarayya ta fito da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku, da fatan da yawansu su samu aikin kamfanonin waje ta intanet. Ina goyon baya, dala ce za ta shigo. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Microsoft ya buɗe cibiyar injiniyoyinsa a Legas a 2019, ya rufe ta a 2024. Mai aiki ya ɗauke abinsa, shi ke nan.

Indiya ma ta yi wa Turawa aikin kwangila, amma da shi ta raini kamfanoninta irin su Infosys, har suka kai ana gogayya da su a duniya. Hanyar ke nan.

Abin da nake kira a kai ɗaya ne. Tun 2018 akwai umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5, wanda ya ce a fifita ƙwararrun gida a kwangilolin kimiyya da fasaha. A bi shi. Manhajar biyan albashi, ta karɓar haraji, ta asibitocin jiha, yaranmu su rubuta, su kuma riƙa gyarawa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: waɗannan kwangiloli, wa za ka ba?