Kiwon Murjani A Cikin Gida: Sha'awa Ce Mai Ɗauke Da Amana

Duk Bahaushe ya san murjani, amma a wuyan amare ya san shi, ja wur, an shirya shi a zare. Irin wannan jan murjani daga Bahar Rum yake fitowa, fatake ne suka riƙa ƙetaro Sahara da shi tun zamanin dā. Abin da jama'a da yawa ba su lura da shi ba shi ne, murjani ƙashin wata 'yar mitsitsiyar dabba ce ta cikin teku. Danginta da ke zaune a ruwa mai ɗumi su ne suke haɗuwa dubu bisa dubu su gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba, amma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a jikinsu suke rayuwa.

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan an daɗe da samun masu kiwon murjani da ransa, tare da kifaye masu launi, a cikin akwatin gilashi a tsakiyar falo. Ba laifi ba ne mutum ya so kallon halittar Allah a kusa da shi. Amma fa wanda ya ɗebo wani yanki na teku ya kai ɗakinsa ya ɗauki amana, kuma wajibi ne ya san nauyinta tun kafin ya zare kuɗinsa.

Da farko dai, ruwan akwatin sai ya zama tamkar na teku: gishiri giram 35 a kowace lita, zafi tsakanin digiri 24 zuwa 27, kuma kada ya yi ta hawa da sauka. Gishirin miya ba ya yin wannan aiki, akwai wani na musamman da ake haɗawa da tataccen ruwa. Bayan an cika akwatin ba a saka kifi nan take. Sai an jira mako 4 zuwa 6 ƙwayoyin halitta masu amfani su yaɗu a jikin duwatsu, domin su ne ke sarrafa gubar amoniya da ke fita daga kashin kifi. Wanda ya yi gaggawa, gawa zai kwasa. Daga nan kuma sai canza kimanin kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako ko biyu, da auna sinadarai, da keɓe duk sabon kifi a wani akwati dabam na 'yan makonni don kada ya shigo da cuta.

Shi kansa murjanin haske ne abincinsa, domin a cikin namansa akwai wani ɗan gansakuka da ke sarrafa haske ya ba shi ci. Saboda haka dole a kunna fitila mai ƙarfi kowace rana, famfon motsa ruwa da na'urar daidaita zafi kuwa ba sa hutawa. Idan wuta ta ɗauke na sa'o'i masu yawa, iskar da ke cikin ruwan ta ƙare, kifayen su mutu. Idan zafi ya haura na kwanaki, murjanin ya kori gansakukan nan, ya yi fari fat, daga bisani ya mutu. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma zafin bazara yakan wuce digiri 40, wannan magana ce babba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To, amma babbar tambaya ita ce, daga ina waɗannan halittu suke fitowa? Kifayen ado na ruwan daɗi galibinsu a gona ake haifarsu. Na teku kuwa, mafi yawan ire-irensu har yanzu kamo su ake yi, musamman daga Indunusiya da Filifin. Tun cikin shekarun 1960 wasu masunta a Filifin suka fara fesa gubar sayanayid a ramukan murjani, kifin ya suma su ɗauke shi da ransa. Gubar tana kashe murjanin da ta taɓa, shi ma kifin sau da yawa yakan mutu a hanya, ko kuma bayan 'yan kwanaki a gidan mai saye. An haramta wannan aiki a ƙasashen biyu, amma dokar takarda ba ta isa ta tsare dubban tsibirai ba. Talakan masunci ƙalilan yake samu, ribar tana hannun dillalai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari; mai sayen da bai tambayi asalin kifi ba yana da nasa kason na alhakin.

Labarin kifin tsibiran Bangai na Indunusiya ya isa ishara. Ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1990, kafin 2007 har an sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, saboda a wannan ɗan yanki kaɗai yake da asali. Akwai kuma ɓarnar masu gajiya da kiwo su zuba kifi a teku. A 1985 aka fara ganin wani kifi mai ƙayoyi masu dafi, wanda ake yi wa laƙabi da kifi zaki, a gaɓar Fulorida ta Amurka, alhali asalinsa na Tekun Indiya da Fasifik ne. Masana sun fi danganta zuwansa da masu kiwo. Ya yaɗu har Tekun Karibiyan yana cinye 'ya'yan kifayen wurin.

Masu kare wannan sha'awa suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta ba. Su ne suka ƙware wajen yankan reshen murjani su dasa shi ya tsiro, dabarar da ake amfani da irinta wajen farfaɗo da wuraren da suka lalace. Tun shekarun 1970 ake haifar kifin nan mai ruwan lemo da farin ɗamara, wanda fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya fito da sunansa. A 2015 aka yi nasarar haifar wani rawayan kifi na Hawai a ɗakin bincike, abin da a dā ake ganin ba zai yiwu ba. Wannan kuwa hujja ce a kan masu saye, domin ta nuna akwai hanyar da ba ta da ɓarna.

Saboda haka, ya kamata duk mai niyya ya tsaya ga kifin da aka haifa a gona da murjanin da aka dasa, ko da sun fi tsada. Ya fara da ire-iren da ke da juriya, kada ya cunkusa akwati, kada kuma ya saki kome a kogi ko teku. Su ma hukumomi akwai nasu aikin. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta sa ba a fitar da murjani mai ƙashi daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izni. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan tsaunukan murjani, don haka kusan duk wanda aka gani a shago shigo da shi aka yi. Lalle ne ma'aikatan kwastan su san shi da ido, su nemi takardarsa.

Ɗalibin da ke son ya san darajar abin, ya karanta labarin Sanganeb da Dungonab na gaɓar Bahar Maliya a Sudan, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. A 2024 masana suka ba da sanarwar karo na huɗu da ɗumamar teku ta farar da murjani a faɗin duniya. Halittar da ke cikin irin wannan hali ba ta cancanci a kashe ta don ƙawata falo ba. Wanda ba zai iya riƙe amanar ba, ya bar ta a inda Mahaliccinta ya ajiye ta.