Ina gasar masu rubuta labarin ɓarayi?

A Bawku nake, dab da iyakar Burkina Faso da Togo, inda ko yaro ya san hanyar da fetur da taki ke bi cikin dare. Amma da na rubuta labarin ɗan fasa-ƙwauri da jami'in da ya saye, wani malamin adabi taɓe baki ya yi, wai hirar 'yan tasha ce.

To malam ya tuna. Gasar 1933 ce ta fito da Idon Matambayi, labarin ɓarayi zalla. Ta 1982 ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Hikayata ta BBC ta yi wa mata rana tun 2016, ban musa ba, amma gajeren labari ne.

A Holan, tun 1986 ake ba da Gouden Strop, wato Zargen Zinare, ga littafin aikata laifi da ya fi fice. Masu jin Hausa sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Masu shirya gasa a Kano, ku ware wa wannan fanni tasa, kuma ku karɓi rubutunmu na Gana.