Wayar salula ba za ta tono mutum daga cikin dusar ƙanƙara ba

Duk lokacin da hunturu ya kama a tsaunukan Alps ko na Kanada, akwai masu wasan zamiya da ba sa tsayawa a filayen da aka gyara. Sukan haura can bayan dutse, inda babu mai gadi, babu mai share hanya. Babban abin tsoro a can shi ne zaftarewar dusar ƙanƙara, wato tulin da ya taru a gangare ya ɓalle gaba ɗaya ya binne mutum cikin daƙiƙu. Da yake yanzu kowa na da waya a aljihu, wasu sun ɗauka ita ce za ta cece su. Wannan tunani na iya kashe mutum.

Lissafin lokacin ba shi da tausayi. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, kusan kashi 90 cikin 100 yana rayuwa. Idan ya haura rabin awa, yawanci numfashi ya riga ya ƙare. A Fabrairun 2012 dusar ƙanƙara ta binne Yarima Friso na Holan a Lech da ke Ostiriya na kusan minti 25. An fito da shi, amma bai sake farfaɗowa ba har ya rasu a 2013. Jirgi mai saukar ungulu ba kasafai yake isowa cikin minti 15 ba, abokan tafiya ne kawai ke kusa.

Shi ya sa masu wannan wasa ke ɗaura wata ƙaramar na'urar aika sigina a ƙirji, tare da sandar caka dusa da shebur a jaka. Kowace irin wannan na'ura, ko wane kamfani ya ƙera ta, tana aiki ne a kan mita guda, kilohaz 457, zangon da ke ratsa dusa da jikin mutum ba tare da wahala ba. Waya ba ta da eriyar wannan mita kwata-kwata. Abin da take da shi Bluetooth ne da Wi-Fi masu gigahaz 2.4, wanda ruwa ke shanyewa, ita kuwa dusa ai ruwa ce da ta daskare. GPS ma yakan kauce da 'yan mitoci, kuma mita uku na kuskure a wajen haƙa daidai yake da haƙa a wani gari. A 2013 cibiyar lura da zaftarewar dusa ta Kanada ta fito ta gargaɗi jama'a kan wasu manhajoji da ke tallata kansu a matsayin madadin na'urar. Duk wanda ya san rubuta manhaja ya san lambobi ba sa ƙirƙirar eriyar da ba a saka a cikin waya ba, don haka laifin masu irin wannan talla ya fi na masu saukewa.

Abin haushin ma, wayar na iya dagula na'urar gaskiya. Shawarar masana ita ce a raba su da aƙalla santimita 20 yayin tafiya, santimita 50 yayin neman wanda ya nutse. Ga sanyi da ke zuƙe batirin waya nan take, alhali na'urar ƙirji na iya aika sigina na kusan awa 200.

Ba wai waya ba ta da amfani ba ne, amfaninta yana gida ne kafin a fita. Cibiyar SLF da ke Davos a Suwizalan tana da manhajar White Risk mai nuna hasashen haɗari a ma'aunin Turai na mataki 1 zuwa 5, da taswirar gangarori. Yawancin zaftarewa na faruwa ne a gangare mai digiri 30 zuwa 45, kuma mataki na 3, ba na 5 ba, shi ya fi cin rayuka, saboda a ranar mutane na ganin abin da sauƙi su fita. Haka kuma tun daga iPhone 14 a 2022 ana iya kiran agaji ta tauraron ɗan'adam inda babu sabis. Sai dai wanda dusa ta danne ba ya iya motsa ko da yatsa, kiran sai dai abokinsa ya yi, bayan ya fara haƙa.