MARI DA BULALA BA SU NE TARBIYYA BA!

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, gadon bayansu duk shatar bulala. Ba a rufa wata ba aka bankaɗo irinsa a Daura. Aka yi ta salati, aka tsine wa masu gidajen, aka watse. Amma tambayar da aka kauce mata ita ce: wa ya kai su? Da yawansu iyayensu ne suka miƙa su da hannunsu, har da biyan kuɗi, wai a gyara masu hali.

Wannan ita ce maƙurar gurguwar fahimtar da ta yi kanta a gidaje, cewa wai yaro ba ya shiryuwa sai da duka, kuma wai uba na ƙwarai shi ne wanda da ya yi gyaran murya a zaure kowa zai nemi maɓoya. Wani uban, da sunan kunyar ɗan fari, ɗansa zai shekara ashirin bai taɓa zaunar da shi ya ji damuwarsa ba. Tsakaninsu sai aike, sai tsawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna farawa ne tun kafin a wuce shekara 14. Yaro zai daina barci, ya ƙi abinci, ya ƙaurace wa abokai, gabansa na faɗuwa ba dalili. A gida sai a ce lalaci ne ko iskanci, a ƙara masa da dorina. Wanda ba shi da mai saurarensa a gida kuwa zai samu a bakin kwata, inda ake sayar da mantuwa a kwalbar kodin da ƙwayar tiramol. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya gano mutum miliyan 14.3 da suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Duk daga sama suka faɗo? Ba su da iyaye?

Tun a shekarun 1960 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Diana Baumrind, ta karkasa iyaye: akwai mai mulkin kama-karya, akwai mai shagwaɓawa, akwai kuma mai haɗa ƙauna da doka, ya kafa iyaka ya kuma bayyana dalilinta. Daga baya aka ƙara kashi na huɗu, mai sakaci, wanda ya haifa ya bar wa titi. Bincike bayan bincike ya nuna 'ya'yan mai haɗa ƙauna da doka sun fi natsuwa da ƙarancin ƙuncin zuciya. A 2016 kuma aka tattara nazarce-nazarcen da suka shafi yara sama da 160,000, aka ga duka bai ƙara masu ladabi ba, sai taurin kai da damuwa.

Masu kare bulala za su ce ai zancen Turawa ne. To Ibn Khaldun ma Bature ne? Tun a 1377 ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa tana kashe wa yaro zuciya, ta koya masa ƙarya da yaudara don tsoron hukunci. Sannan Manzon Allah (S) fa? Anas bin Malik ya yi masa hidima shekara goma yana yaro, bai taɓa yi masa tsawa ba. Da Aƙra'u bin Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ai ba yaba masa aka yi ba, gargaɗi aka yi masa a kan rashin tausayi. Hadisin duka a kan salla da suke fakewa da shi kuwa, sai bayan shekara uku ana koyarwa, daga bakwai zuwa goma, kuma malamai sun gindaya sharaɗi: ban da fuska, ban da rauni. Ina mari da sarƙa a nan?

Ba ana cewa a saki yaro sakaka ba ne. Uban da ya damƙa wa ɗansa waya ya juya baya shi ma ya ci amana, don Allah zai tambayi kowane makiyayi abin kiwonsa.

Saboda haka wajibi ne 'yan uwa matasa su farka, domin su ne yayyen yau, iyayen gobe. Wanda ya ga ƙaninsa ya canza, ya ja shi a jiki ya saurare shi. In abin ya yi tsanani, ko yaron ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a haɗa addu'a da asibiti: akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ba a taɓa jin bulala ta warkar da zazzaɓi ba.

Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, Ya sanya tausayi a zukatan iyaye. Amin.