Abokin Tafiya Ba Jakin Kaya Ba Ne

Masu wasan Dungeons & Dragons, wasan nan da ake kewaye tebur ana jefa ƙwayar lido ana ƙulla labarin jarumai, sun daɗe da wata fahimta. Wai in kana son abokan tafiya iri-iri, sai ka sauya musu jinsi da makami: wannan wada ne mai gatari, wancan maharbi ne mai dogon kunne, shi ke nan an samu bambanci. Ni ban yarda ba. Riga kawai aka sauya, mutumin ciki ɗaya ne. A ce zo ya zo, a ce mutu ya mutu.

Littafin wasan mai suna Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya kasa irin waɗannan mataimaka gida uku: ƙwararre, mai sihiri da mayaƙi. Wannan rabo yana gaya maka abin da mataimaki ya iya, amma bai gaya maka abin da ya fito nema ba. Alhali tun 1974, da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan, 'yan hayar da ke bin jarumi suna da ma'aunin biyayya. Wanda ya wulaƙanta su, sai su watse su bar shi. Shi kuwa wasan Ars Magica na 1987 damƙa abokan tafiya ya yi a hannun 'yan wasan da kansu, yau ka zama boka, gobe mai gadinsa.

Dubi ayarin da ke cikin labarin marubuci Tolkien. Sam mai kula da lambu ne, ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, amma ƙaunar ubangidansa Frodo da kewar gida sun sa ba a mantawa da shi. Boromir kuma tsoron faɗuwar ƙasarsa Gondor ne ya kai shi ga neman ƙwace zoben da Frodo ke ɗauke da shi. Zuciya ce ta bambanta su.

Wasu za su ce aboki mai ra'ayin kansa zai danne 'yan wasa. Wannan laifin mai jan labarin ne, wato wanda ke tafiyar da wasan. Ka bar wa 'yan wasa yanke shawara, abokin kuma ka ba shi damar cewa a'a.

Don haka, ya kai mai jan labari, kafin ka rubuta masa ƙarfi ko makami, amsa tambayoyi uku: me ya fito nema, wa ya bari a gida, wane umurni ne ba zai taɓa bi ba? In ba ka da amsa, jakin kaya ka ƙirƙira.