Bango Daban, Ganuwa Daban

Akwai wata 'yar kalma ta Turanci da ake koya mana tun muna firamare, ita ce "wall". Aka ce ma'anarta bango, aka haddace, aka wuce. To, tun daga nan sai ya zamana ɗalibai da yawa in an ba su fassara, duk inda suka ga wannan kalma sai su rubuta bango, ko na ɗaki ne, ko na gida, ko na gari. Ni a ganina wannan asara ce, kuma mu mutanen ƙasar Gobir mu ya fi kamata mu ƙi yarda da ita.

Bari mu fara duba yadda Bature yake aiki da tasa kalmar. Da "wall" yake kiran jikin ɗakinsa, da ita yake kiran ginin da ya kewaye gidansa, da ita kuma yake kiran wanda ya kewaye gari. In yana son ya bambanta, sai ya jingina mata wata kalma, ya ce "city wall". Tana da 'yan'uwa kuma: "fence" na itace ne ko waya, "hedge" shuka ce da aka jera ta yi shamaki, "rampart" kuwa tudun kariya ne na yaƙi. Abin sha'awa, ita "wall" ɗin ma aro ce. Daga Latin ta fito, daga "vallum", wato tudun ƙasa da sojojin Rum suke tarawa su kafa itatuwa a kansa don tsare sansaninsu. Ashe asalinta ganuwa ce, daga baya ta shiga ɗaki.

Bahaushe kuwa kowanne ya raɗa masa sunansa. Bango shi ne jikin ɗaki, wanda ake jingina da shi, ake kafa masa ƙusa. Katanga ita ce ta kewaye gida ta raba ka da maƙwabcinka, wasu kuma su ce garu. In da kara aka yi, sunansa darni a nan wajenmu, Kanawa su ce danga. In gamba aka saƙa, zana ce. In ƙaya aka jera don kada dabbobi su shiga gona ko garka, shinge ne. In itatuwa aka kakkafa kewaye da ƙauye don tsaro, kafi ke nan, shi ya sa ake da garuruwa irin su Kafin Hausa. Ganuwa ita ce babbarsu, wadda ta kewaye gari duka, da ƙofofinta da gwalalonta, wato ramin da ake haƙawa a bayanta. Kowace kalma a cikin waɗannan tana gaya maka abu uku: abin da aka yi aikin da shi, da abin da ake tsarewa, da wanda ake tsoro. Shinge don akuya aka yi shi, katanga don ɓarawo da idon mai wucewa, ganuwa don mahaya dawaki.

Wanda bai san wannan bambanci ba, ba zai gane sunan garinsa ba ma. Mene ne birni? Gari ne mai ganuwa. Sarakunan Gobir sun zauna a Birnin Lalle, daga baya suka zauna a Alkalawa, wadda kufanta yake nan kusa da mu a ƙasar Sabon Birni. Ganuwar Alkalawa ce ta sa mayaƙan jihadi suka yi ta gwada garin tun 1804, ba su sami shiga ba sai a 1808, shekarar da aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya taso ya kafa Sabon Birni. Da bai kewaye shi ba, da ba a kira shi birni ba. Yanzu ɗalibin da ya rubuta cewa "bangon Alkalawa ya faɗi", ai ya mai da babban tarihi ya zama labarin ɗakin da damina ta rusa.

Masu fassarar labarai a gidajen rediyo ba sa yin wannan ganganci. Ginin da ya raba birnin Berlin na Jamus gida biyu daga 1961 zuwa 1989, Katangar Berlin suke ce masa, domin aikinsa raba maƙwabta ne. Wanda Sinawa suka gina don tare mahara daga arewa kuwa, Babbar Ganuwa suke cewa. A Turanci duka biyun "wall" ne. Bahaushe ne ya tsaya ya tambayi kansa, wannan gini me aka yi shi ya tsare?

Na san wani zai ce, ai zamani ya sake, yanzu da bulo da siminti ake gini, kowa ma "fens" yake cewa, kuma harshe ba ya rayuwa sai da aro. Gaskiya ne, ba mai ƙin aro. Mun ari mota da tebur da kwamfuta domin ba mu da su. Amma mai riga bakwai a adaka ya je aron ɗaya, ya bar nasa gara ta ci, wannan ba a kiransa mai wayo. Kuma kalmomin nan ba su tsufa ba. Tun daga 2019 dubban mutane daga wannan yanki namu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. A irin wannan hali, in dattijo ya ce gari ba shi da ganuwa, ba maganar tubali kaɗai yake yi ba. Yana nufin babu haɗin kai, babu mai tsaya wa wani. Yaron da bango kaɗai ya sani, maganar za ta wuce shi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in kun ga "wall" a takardar jarrabawa kada ku yi gaggawa. Ku karanta jimlar duka, ku ga ko ta ɗaki ce, ko ta gida, ko ta gona, ko ta gari, sa'an nan ku zaɓi kalmar da ta dace. Iyayenmu kuma, don Allah in yaro ya kira darni bango ku gyara masa nan take, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamanmu na Turanci da na Hausa su ma su riƙa haɗa kai, a koyar da kalmomin nan gefe da gefe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Harshe ma haka yake, da kalma ɗaya ɗaya yake tsagewa, kuma yaɓe tun tsagar tana ƙarama ya fi sauƙi.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.